Yadda ake gina tarihin sauye-sauyen sauti ga ƙagaggen harshe ɗan dangin Jamanik

Mai son ƙaga harshe, ko don littafin labari, ko don wasan kwamfuta, ko don jin daɗin kansa kawai, yana da hanya biyu a gabansa. Yana iya zama ya ƙirƙiro kalmomi ɗaya bayan ɗaya daga kansa, ko kuma ya ɗauki tsohon harshe na gaskiya ya bi da shi ta cikin ƙarnoni na zato, yana sauya sautukansa da doka, har sabon harshe ya fito da kansa. Hanya ta biyun ce za a bayyana a nan, kuma dangin Jamanik, wato dangin da ya haɗa Ingilishi da Jamusanci da Holanci da harsunan Suwidin da Danmak da Norwe da Aisilan, ya fi kowane dangi sauƙin fara koyo da shi, domin masana sun sake gina uwar harsunan dalla-dalla, kuma 'ya'yanta suna nan da rai ana iya gwada aiki da su. Duk aikin ya rataya ne a kan abu biyu: kowace doka ta shafi duk kalmar da ta cika sharaɗinta ba tare da zaɓe ba, kuma dokokin su zo a jere, wata kafin wata.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne jerin kalmomin uwar harshe. Ba a taɓa rubuta wannan harshe ba, an gano shi ne ta hanyar kwatanta 'ya'yansa, shi ya sa ake sa wa kalmominsa tauraro a gaba, kamar *dagaz (yini). Ƙamus ɗin asalin kalmomi na Guus Kroonen na 2013 yana da kyau ƙwarai, littafin Don Ringe na 2006 kuma yana bayyana tsarin sauti da nahawun harshen. Wanda bai sami ko ɗaya ba, shafin Wiktionary yana ɗauke da kalmomin uwar harshe masu yawa tare da jam'insu da siffofinsu a harsunan yau, kuma ya isa a fara da shi.

Abu na biyu shi ne jadawali mai layuka da ginshiƙai, a Excel ko Google Sheets, ko kuma babban littafin rubutu da aka ja wa layi da rula. Na uku shi ne manhajar da ke aiwatar da dokokin sauti, kamar Lexurgy ko SCA² na Mark Rosenfelder, dukansu kyauta ne a intanet. Manhaja ba dole ba ce, kuma ina ganin ya fi kyau mai koyo ya yi kalmomi talatin na farko da hannunsa kafin ya taɓa ta. Na huɗu shi ne tarin sauye-sauyen da suka taɓa faruwa a harsunan duniya, wanda ake kira Index Diachronica, don duba ko dokar da ka ƙaga tana da irinta a zahiri.

Sai kuma ka tsayar da yadda za ka rubuta sautuka. A nan, harafin þ yana wakiltar sautin da ake yi da harshe tsakanin haƙora, wanda ke farkon kalmar Larabci ta thalatha. Layi a kan wasali yana nuna tsawo a uwar harshe, ą kuma gajeren a ne mai fita ta hanci. A sabon harshen zan nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. Haruffan ü da ö wasulan gaban baki ne da ake furtawa da leɓɓa a zagaye, kamar a Jamusanci. In allon rubutunka ba shi da waɗannan haruffa, yi amfani da manyan baƙaƙe a madadinsu, T a gurbin þ, U a gurbin ü, muddin kowane sauti yana da alama ɗaya tak.

Mataki na 1: Tsayar da mafari

Fara daga uwar harsunan Jamanik kamar yadda take a ƙarnonin farko na miladiyya, kada ka koma baya zuwa kakarta ta Indiya da Turai. A wannan lokaci manyan sauye-sauye biyu sun riga sun wuce. Na farko shi ne wanda Rasmus Rask ya lura da shi a 1818, Jacob Grimm kuma ya tsara shi a 1822, inda p da t da k suka koma f da þ da h, abin da ya sa pater na Latin ya yi daidai da fadar na harshen Gotawa, wata tsohuwar al'ummar Jamanik da harshenta ya mutu. Na biyu shi ne wanda Karl Verner ya bayyana a 1877, wanda ya warware dalilin da ya sa Gotawa ke cewa broþar da þ amma fadar da d: bambancin ya samo asali ne daga gaɓar da nauyin furuci yake kai a zamanin da. Kuskuren da masu farawa suka cika yi shi ne su sake aiwatar da dokar Grimm a kan kalmomin da suka riga suka bi ta cikinta.

Abin da ya kamata ka riƙe daga wannan tarihi shi ne cewa nauyin furuci ya koma kan gaɓar farko ta kalma ya zauna a can. Wannan shi ne injin da ke tura yawancin abin da zai biyo baya, domin gaɓar da aka danna tana ƙarfi, gaɓoɓin ƙarshe kuma suna ta zaizayewa. A rubutun ƙahon zinariya na Gallehus da aka tono a Danmak, wanda aka yi wajen shekara ta 400, ana ganin suna mai ƙarewa da gastiz da cikakkiyar wutsiyarsa. Harshen Finlan, wanda ba ɗan dangin ba ne, ya ari kalmar sarki tun da wuri ya adana ta a matsayin kuningas, alhali Ingilishi ya tauye ta zuwa king. Haka kuma *dagaz ta zama dags a bakin Gotawa, dagr a tsohon harshen Sikandinebiya, dæg a tsohon Ingilishi, Tag a Jamusanci.

Mataki na 2: Ba masu harshen wuri da zamani

Kafin ka rubuta doka ko ɗaya, yanke shawarar su wane ne ke magana da harshen, yaushe suka rabu da 'yan'uwansu, da kuma waɗanda suke maƙwabtaka da su. Don misali, a ce wasu mutane sun tashi daga gaɓar yankin Jutland na Danmak da arewacin Jamus wajen shekara ta 300 suka sauka a wani tsibiri na zato a Tekun Arewa. Mu kira harshensu harshen Tsibiri. Lokacin rabuwar yana da muhimmanci, domin duk sauyin da ya faru kafin a rabu dole harshenka ya gaje shi, wanda ya faru bayan nan kuma kana da zaɓi. Raba tarihin gida uku: daga 300 zuwa 700, daga 700 zuwa 1200, daga 1200 zuwa 1600. Doka uku zuwa shida a kowane zamani sun isa a karon farko.

Mataki na 3: Zaɓi kalmomin gwaji

Kada ka zuba kalma dubu a jadawali tun daga farko. Zaɓi kamar talatin, amma ka zaɓe su da niyya, ta yadda kowane wasali da kowane baƙi zai bayyana a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, kuma ka sa tilo da jam'i na suna kaɗan. Ga waɗanda za mu yi aiki da su: *dagaz da jam'inta *dagōz (yini), *gastiz da *gastīz (baƙo), *mūs da *mūsiz (ɓera), *gans da *gansiz (dinya), *hūsą (gida), *stainaz (dutse), *raudaz (ja), *grōniz (kore), *kuningaz (sarki), *kinnuz (haɓa), *skipą (jirgin ruwa), *fiskaz (kifi), *gebaną (bayarwa), *munþaz (baki), *brōþēr (ɗan'uwa), *fimf (biyar), *þrīz (uku), *wegaz (hanya), da *deuzą (dabba). Kowace kalma ta sami layinta, kowace doka kuma ta sami ginshiƙinta daga hagu zuwa dama.

Mataki na 4: Koyi rubuta doka

Ana rubuta doka a gajarce kamar haka: A > B / X_Y, ma'ana A ya koma B in ya faɗo tsakanin X da Y. Alamar # tana nufin iyakar kalma. Mai jin Hausa ya riga ya san irin wannan doka a bakinsa ko da bai taɓa rubuta ta ba: t yana komawa c kafin i ko e, shi ya sa ake cewa mota da motoci, sata da sace, kuma s yana komawa sh, z yana komawa j, kamar a kaza da kaji. Da za a rubuta ta, sai a ce t > c / _i, e.

Sharaɗin doka dole ya zama na sauti. Ana iya cewa “kafin i”, ko “a ƙarshen kalma”, ko “a gaɓar da ba ta da nauyi”. Ba a cewa “a cikin sunayen dabbobi”, ba a kuma cewa “ban da wannan kalmar domin na fi son ta yadda take”. Wannan ƙa'ida ce da masana harshe na birnin Leipzig a Jamus suka kafa a shekarun 1870, kuma ko da harsuna na gaskiya suna da 'yan kauce-kauce, mai ƙagawa ya fi cin riba in ya riƙe ta da ƙarfi. Akwai halatattun hanyoyin samar da kalmomin da suka fita daban, za su zo a mataki na 8 da na 9.

Mataki na 5: Dokokin zamanin farko

Doka ta 1: z ya ɓace a ƙarshen kalma, a sauran wurare kuma ya koma r. Sai *dagaz ta zama daga, *gastiz ta zama gasti, *deuzą ta zama deura. Komawar z zuwa r ta faru a reshen yamma (su Ingilishi da Jamusanci) da na arewa (su Suwidin da Aisilan) duka, kuma ita ce ta bar wa Ingilishi was da were.

Doka ta 2: baƙi ɗan hanci, wato m ko n, ya ɓace kafin f, þ ko s, wasalin da ke gabansa kuma ya tsawaita. Sai *fimf ta zama fiif, *gans ta zama gaas, munþa ta zama muuþa. Ingilishi ya bi wannan hanya, Jamusanci bai bi ba, shi ya sa ake da five da fünf, goose da Gans.

Doka ta 3: ganɗantawa kafin i ko e. Da farko sk ya koma sh, sannan k ya koma c, g kuma ya koma y. Sai a sami shipa, cinnu da yebana. Kula da jerin cikin dokar kanta, domin in k ya riga komawa c, to skipa za ta zama scipa, dokar sk kuma ba za ta tarar da komai ba. Ita kuwa fiska ba ta motsa ba, saboda a ne ke bin sk ɗinta.

Doka ta 4: naso na wasali. In gaɓa ta gaba tana da i ko j (harafin da ake rubuta sautin y da shi a uwar harshe), to a ya koma e, u ya koma ü, oo ya koma öö, dogo da gajere duk ɗaya. Dalilinsa a baki yake: harshe yana fara matsawa gaba don furta i tun bai gama wasalin farko ba. Sai gasti ta zama gesti, muusi ta zama müüsi, gaasi ta zama geesi, grooni ta zama grööni, kuninga ta zama küninga. In kana aiki da manhaja, tabbatar ba ta taɓa staina ba, domin i ɗin da ke cikinta a gaɓa ɗaya yake da a.

Doka ta 5: a gaɓar ƙarshe marar nauyi, gajeren wasalin ƙarshen kalma ya faɗi, bayan nan dogon wasali ya gajarce. Sai a sami dag, gest, müüs, gees, gröön, küning, cinn, ship, huus, yeban, da kuma dago daga dagoo, gesti daga gestii, brooþer daga *brōþēr.

A nan ne ya kamata mai koyo ya dakata ya duba jadawalinsa da kyau, domin waɗannan dokoki biyar suna nuna yadda jeri ke haifar da tarihi. Ɗauki ta 4 da ta 5. Da farko bambancin ɓera ɗaya da ɓeraye yana cikin wutsiyar kalma ne. Doka ta 4 ta sa wutsiyar ta rina wasalin tsakiya, doka ta 5 kuma ta yanke wutsiyar, sai bambancin ya koma ciki: muus da müüs. Haka Ingilishi ya sami mouse da mice, foot da feet. Da ka juya jerin, ka fara yanke wutsiya, da tilo da jam'i duk sun zama muus, kuma da harshen ya rasa wani abu mai kyau.

Ɗauki kuma ta 3 da ta 4. Kalmar gest tana da g kafin e, kuma duk da haka bai koma y ba, domin lokacin da ganɗantawa ke aiki kalmar gasti ce, e ɗin bai zo ba sai da dokar ta mutu. Wannan ba kuskure ba ne, kada ka gyara shi. Doka tana da lokacin rayuwa, in ya wuce ba ta dawowa. Ingilishi yana da shaidar haka a chin da king: ta farko tana da i tun asali, ta biyu kuma u ne da ita har ganɗantawa ta wuce.

Cikin doka ta 5 ma akwai tarko biyu. In ka gajarta dogayen wasula kafin ka zubar da gajeru, dagoo za ta zama dago sannan ta zama dag, jam'i ya narke cikin tilo. In kuma ka manta sharaɗin “marar nauyi”, manhaja za ta gajarta þrii, wadda gaɓa ɗaya gare ta kuma nauyin yana kanta.

Mataki na 6: Dokokin zamani na biyu

Doka ta 6: tagwayen wasula su dunƙule, ai ya koma ee, au ya koma oo. Sai stain ta zama steen, raud ta zama rood.

Doka ta 7: g ya koma u in ya biyo bayan wasali a ƙarshen gaɓa. Sai dag ta zama dau, weg ta zama weu, amma jam'insu dago da wego ba su canja ba, domin a can g ne ke buɗe gaɓa ta biyu. Irin wannan raunin baƙi a ƙarshen gaɓa sananne ne a tarihin Hausa, inda ake kiransa dokar Klingenheben, da sunan masanin Jamus da ya bayyana shi a ƙarshen shekarun 1920. Ita ce ta ba mu talaka da talauci, ɓauna da ɓakane. Babu laifi ka aro tsarin doka daga harshen da ba ɗan dangin ba, muddin abu ne da bakin ɗan'adam ke yi, kuma irin wannan aro ne ke ba ƙagaggen harshe fuskarsa ta kansa. Lura cewa dau ba ta koma doo ba, saboda doka ta 6 ta riga ta rufe.

Doka ta 8: þ ya koma d ko'ina, kamar yadda ya faru a Jamusanci da Holanci. Sai a sami brooder, muud da drii. Wanda ya fi son ɗanɗanon arewa yana iya mai da shi t a farkon kalma kamar Suwidin da Danmak, ko ya bar shi yadda yake kamar Aisilan.

Mataki na 7: Dokokin zamani na uku

Nan ne dogayen wasula ke kaura, kuma nan ne aka fi faɗawa cikin kwaikwayon harshe na gaskiya ba da sani ba. In ka mai da uu zuwa au, ii zuwa ai, oo zuwa uu, kamar yadda Ingilishi ya yi tsakanin 1400 da 1700, za ka tarar da haus, maus, drai da bruuder a jadawalinka, wato kusan Jamusanci da wani rubutu. Don haka a kowane zamani ka duba sakamakonka gefe da gefe da Ingilishi da Jamusanci da Holanci, in ya yi kama da ɗayansu da yawa, ka karkata.

Ga karkatar harshen Tsibiri. Doka ta 9: ü ya koma i, ö ya koma e. Doka ta 10: uu ya matsa gaba ya cike gurbin da aka bari, ya koma üü, hanyar da Holanci ma ya taɓa bi. Doka ta 11: ee ya koma ie, oo ya koma uo. Doka ta 12: aa ya koma oo.

Wannan kaura ce ta sarƙa, kuma ƙa'idarta ita ce sai wani ya tashi daga gurbi kafin wani ya shiga. In doka ta 10 ta riga ta 9, muus za ta zama müüs ta haɗu da jam'inta, sannan su tafi miis tare. In ta 12 ta riga ta 11, gaas za ta wuce goos har zuwa guos. Haɗewar sautuka biyu ba aibu ba ce, harsuna suna yin ta kullum, amma ya zama kai ka zaɓe ta, kuma ka sani cewa in sun haɗe babu dokar sauti da za ta sake raba su yadda suke a da.

Yanzu karanta ginshiƙin ƙarshe: dau da dago, gest da gesti, müüs da miis, goos da gies, hüüs, stien, ruod, grien, kining, cinn, ship, fisk, yeban, müüd, bruoder, fiif, drii, weu, deur. Dubi müüs da kyau: a shekara ta 700 jam'i ce, a 1600 kuma ta zama tilo. Dubi kuma kining da cinn, inda k da c suke zaune kafin wasali iri ɗaya, wato c ya zama sauti mai zaman kansa a harshen. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙaga kai tsaye, jerin dokokin ne ya haife su.

Mataki na 8: Bar masu harshen su daidaita nahawu

Dokokin sauti suna aiki bisa ƙa'ida amma suna barin nahawu a hargitse. Harshen Tsibiri yanzu yana da jam'i iri uku: mai o, mai i, da mai sauyin wasali. Yara masu koyon harshe suna miƙa tsarin da ya fi yawa zuwa kalmomin da ba nasa ba. Tunda o ya fi yawa, kamar a dago, stieno, fisko da hüüso, ana iya sa gesti ta koma gesto. Haka Ingilishi ya yi da bēc, tsohon jam'in littafi, ya maye gurbinsa da books. Ƙa'idar da za ka bi ita ce kalmomin da ake yawan faɗa su ne ke riƙe tsohuwar siffa, waɗanda ba a cika faɗa ba su ne ke bin ayari. Don haka bar dau da dago, da müüs da miis, yadda suke. Rubuta kowace daidaitawa a ginshiƙi dabam da launi dabam, tare da zamaninta, domin siffar da aka daidaita ita ce za ta shiga dokokin da ke bayanta.

Mataki na 9: Shigo da kalmomin aro a kan lokacinsu

Kalmar aro tana bin dokokin da suka zo bayan shigowarta ne kawai. Kalmar Latin mūrus (bango), in ta shigo tun zamanin Rumawa, za ta zama muur, doka ta 10 kuma ta mai da ita müür. In kuma fataken Hansa na arewacin Jamus suka kawo kalmar shugaban jirgi a ƙarni na 14, za ta zauna a matsayin skiper da sk ɗinta, kusa da ship ta gado, domin doka ta 3 ta daɗe da mutuwa. Ingilishi yana da irin waɗannan tagwaye, shirt ta gado da skirt da aka aro daga mutanen Sikandinebiya. Jamusanci ma yana nuna lokacin aro: Pfeffer daga piper na Latin ta shigo da wuri har p ya koma pf, Papier kuwa ta zo a makare ta tsira da p ɗinta. Kalmomin aro ashirin da aka rarraba a zamani uku suna ƙara wa harshe zurfi fiye da sababbin dokoki goma.

Mataki na 10: Raba karin harshe, in kana so

Hanya mafi sauƙi ita ce ka hana doka ɗaya ko biyu isa wani yanki. A ce doka ta 7 ba ta haye duwatsun arewacin tsibirin ba, sai mutanen can su ci gaba da cewa dag da weg. Haka lamarin yake tsakanin zauna da aure na Kano da zamna da amre na Sakkwato, haka kuma a Jamus, inda layin Benrath da ya ratsa kogin Rhine kusa da Düsseldorf ya raba masu cewa maken a arewa da masu cewa machen a kudu. Kwafi jadawalin, goge ginshiƙin dokar, sannan ka sake bin sauran dokokin daga wurin, domin cire doka ɗaya yakan sauya abin da na bayanta za su tarar.

Mataki na 11: Faɗaɗa, gwada, sannan ka tsara rubutu

Sai yanzu ne za ka zuba kalmomi ɗari biyu ko uku a manhaja. In ka rubuta sauti ɗaya da harafi biyu, kamar sh, ka sanar da manhajar cewa sauti ɗaya ne, in ba haka ba dokar da ta shafi s ko h za ta farka shi. Karanta sakamakon da babbar murya, kana haɗa kalmomi: fiif miis, drii dago, ruod hüüs. Nemi abu uku: cunkoson baƙaƙen da baki ba ya iya furtawa bayan faɗuwar wasula, kalmomi masu muhimmanci da suka zama iri ɗaya, da kuma sautin da ya ɓace gaba ɗaya ba da niyyarka ba. Maganin na farko sabuwar doka ce da ke saƙa gajeren wasali ko zubar da baƙi ɗaya. Maganin na biyu shi ne masu harshen su watsar da ɗaya daga cikin kalmomin su ɗauki wata, ko su ƙara mata ɗafi. Duk gyaran da za ka yi, yi shi a kan doka, sannan ka sake tura dukan jerin kalmomin daga farko, kada ka taɓa kalma ɗaya da hannu a ginshiƙin ƙarshe.

Tsarin rubutu shi ne na ƙarshe, kuma shi ma yana da zamani. Yanke shekarar da aka fara rubuta harshen, ka ɗauki siffofin ginshiƙin wannan shekara a matsayin rubutu, na ginshiƙin ƙarshe kuma a matsayin furuci. In malaman coci ne suka fara rubuta harshen Tsibiri da haruffan Latin wajen shekara ta 1100, to za su rubuta muus, steen, rood da gaas, jikokinsu kuma su ci gaba da rubuta haka alhali suna furta müüs, stien, ruod da goos, kamar yadda Ingilishi ke rubuta k da gh a knight ba ya furta su. In kuma kana son rubutu mai bin furuci, sai ka sa gyaran ƙa'idojin rubutu bayan 1600, ka ajiye tsohon salon a sunayen garuruwa da na zuriya kawai, domin su ne ba su cika karɓar gyara ba.